Kama da Wane Ba Ta Wane: Yadda Kotu ke Raba Gardamar Tambura Masu Kama da Juna

Kawuna ya kai shekara goma sha ɗaya yana haɗa yajin tsire a bayan gidansa da ke Agege a Legas. Da gwangwanin madara ya fara auna wa masu nama, daga baya ya sa aka buga masa leda ruwan ɗorawa mai hoton raƙumi a tsaye, sunan kayan kuma a ƙasa da jan rubutu. Yanzu yajin nan yana kaiwa Mile 12 da Idi-Araba da Obalende, har matan da ba su jin ko sannu da Hausa sun san ledar, suna nuna ta da yatsa. Ana gab da azumin bara wani mai tireda ya kira shi yana faɗa, wai yajin ya lalace, gishiri ya yi masa yawa, ga warin tsohon ƙuli. Da aka kawo ledar sai ga ta ruwan ɗorawa, ga raƙumi, ga jan rubutu. Sai mutum ya ƙura ido zai lura raƙumin hagu yake kallo, kuma an sauya harafi ɗaya a sunan.

Da daddare ya aika a kira ni. "Ɗan nan, kai ne ka yi boko, duba mini takardar nan. Ai na yi rajista tun tuni, gobe sai kotu." Ya zaro ta daga jakar da yake ajiye takardun gida, a naɗe cikin leda. Na karanta na ce, "Kawu, wannan ta CAC ce, rajistar sunan kasuwanci. Ba ta taɓa raƙuminka ba." Ya daɗe yana kallon takardar kafin ya ce, "To shi raƙumin, ina ake yi masa tasa?"

Tambayar nan ce ta kai mu ofishin lauya, ta kuma sa na zauna na bibiyi shari'o'in da aka yi a ƙasar nan kan tambura masu kama da juna. Abin da na gani ya dame ni, domin irin kawu suna da yawa a cikinmu. Mutum ya yi shekaru yana gina suna da gaskiya da amana, daga wannan baki zuwa wancan, amma bai san ofishin da ke tsare masa sunan ba.

Ofis biyu ne, aikinsu daban. Hukumar CAC tana yi wa kamfani ko sunan kasuwanci rajista ne don gwamnati ta san akwai shi, ya buɗe asusun banki, ya yi hulɗa da hukumomi. Tambarin da ke jikin kaya kuwa, ko kalma ce ko hoto ko haɗin biyun, ofishin rajistar tambura ne ke kula da shi, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Dokar da yake aiki da ita an yi ta tun 1965, an kwaikwayo ta daga dokar Ingila ta 1938, kuma har yau ita ce, sai 'yan gyare-gyare. Lambar NAFDAC ma wani abu ne na uku: tana nuna an duba lafiyar abinci ko magani, kuma hukumar kan nemi shaidar tambari kafin ta bayar, amma lambar da kanta ba ta mallaka wa kowa suna.

Wanda ke son rajistar tambari yakan fara da bincike a kundin ofishin, ko wani ya riga shi. Sai ya shigar da buƙata, a ba shi takardar karɓa, idan an duba ba matsala a ba shi takardar amincewa. Daga nan a buga tambarin a mujallar ofishin, a jira wata 2 ko akwai mai ja. In ba a samu ba, ko an samu an yi hukunci ya ci, sai a ba shi satifiket. Rajistar farko shekara 7 take yi, bayan haka ana sabuntawa duk shekara 14. A nan akwai ramin da mutane da yawa suka faɗa: takardar amincewa ba satifiket ba ce. A shekarar 2000 Kotun Ƙoli ta faɗi haka ƙarara a rikicin kamfanin Dyktrade da Omnia kan dutsen goge daɓe mai suna Super Rocket. Ta ce wanda ke riƙe da takardar amincewa kawai bai mallaki tambarin ba tukuna, don haka ba zai yi ƙarar keta tambari da ita ba. Ga shi kuma fitowar mujallar kan ɗauki lokaci mai tsawo, abin da lauyoyi suka daɗe suna kuka da shi.

To idan an je gaban alƙali, me yake dubawa? Mutane sun ɗauka sai tambari biyu sun zama iri ɗaya sak sannan a ce an yi laifi, shi ya sa masu kwaikwayo ke sauya harafi ɗaya ko su juya kan raƙumi su ce ai ba ɗaya ba ne. Doka ta riga su sanin wannan dabarar. Abin da ta hana shi ne amfani da tambarin da ya yi daidai da na wani, ko ya yi kama da shi kamar da za ta iya ruɗar mai saye. Ba sai an kawo mutumin da aka riga aka ruɗa ba, yiwuwar ruɗin ta isa, ko da yake samun wanda zai tsaya ya ce "ni na saya ina zaton na wane ne" yana ƙara wa ƙara nauyi ƙwarai.

Kuma alƙali ba ya ɗora kaya biyu gefe da gefe kan tebur yana lissafa bambanci kamar mai duban kuɗin jabu. Yana sa kansa ne a matsayin mai saye na yau da kullum, wanda ya ga kayan sati biyu da suka wuce, abin da ya rage masa a ka bai wuce launi da wani hoto da amon suna ba, yanzu ga shi a cunkoson kasuwar Oke-Arin ko ta Idumota, ana turo shi ta baya, mai kaya yana cewa ya yi sauri. Wannan mutumin ne ma'auni.

Shi ya sa kunne yake da matsayi babba. A 1968 Kotun Ƙoli ta duba rikicin maganin yara Castoria na kamfanin Sterling da wani mai suna Casorina da kantin Alban Pharmacy ya nemi yi wa rajista. A rubuce akwai bambanci, amma kotun ta ce ba ido kaɗai ake tambaya ba, har da kunne, ta kuma hana rajistar. A 1985 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi wannan layin a shari'ar Lucozade da wani abin sha mai suna Glucos-Aid. Mutum ya faɗi sunayen biyu da sauri a bakin kanti zai ji dalili. Tun kafin su, a 1961, an yi ta kantunan magani biyu a Onitsha, ɗaya Niger Chemists, ɗaya Nigeria Chemists, gari ɗaya, titi ɗaya, sana'a ɗaya. Kotu ta hana na biyun amfani da sunan.

Shari'o'in ido sun fi ba ni sha'awa, domin su ne suka fi kusa da yadda muke ciniki. A 1931, zamanin Turawa, kamfanonin taba biyu sun gurfana kan sigari. Ɗaya sunansa Bandmaster, a kwalinsa akwai Bature cikin kayan shugaban 'yan badujala. Ɗayan sunansa Barrister, a nasa kwalin Bature ne sanye da hular gashi da baƙar rigar lauyoyi. Ga mai karatu, ina haɗin mai badujala da lauya? Amma yawancin masu sayen sigarin a lokacin ba sa karanta Turanci, abin da suka riƙe shi ne kwali mai Bature, kuma da wannan aka yi hukunci, masu Bandmaster suka ci. A 1959 a nan Legas aka yi ta burodi: gidan burodin De Facto yana naɗe nasa a takarda mai ruwan ɗorawa da ruwan ƙasa, sai wani gidan ya fito da burodi mai suna Odus cikin irin wannan naɗin. Suna daban, amma kotu ta hana. A 1972 kuma a Kano, kamfanin alewar minti ta Trebor ya yi nasara kan masu Minta Supermint saboda takardar naɗin, duk da sunayen ba su yi kama ba.

Duk wanda ya taɓa zama a tireda ya san gaskiyar da waɗannan alƙalai suka gano. Wa ke zuwa ya karanta maka suna? Yarinya ce za a aiko ta ce a ba ta magi mai tauraro, ko farin magi, ko sigari mai zobe uku na maigida. Kowane garin wanki omo ne, kowane ganyen shayi na ƙulli lifton ne. Tsohuwa za ta zo da tsohon kwalin magani a ƙulle a gefen zane ta ce irin wannan take so. A wurinmu tambari shi ne abin da baki ke kira da abin da ido ya riƙe. Na ji daɗi da na ga dokar, duk da daga Ingila aka ɗauko ta, a hannun alƙalan ƙasar nan ta tsaya wa irin wannan tsohuwar, ba ta ce laifinta ne da ba ta yi karatu ba.

Sai dai akwai shari'a ɗaya da ya kamata duk mai buga leda ko kwali ya sani, ita ce ta Ferodo da Ibeto, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2004. Ferodo kamfanin Ingila ne da ya yi suna wajen takalmin birki na mota, duk makanikin da ke kasuwar kayan mota ta Ladipo ya san kwalinsa mai ja da baƙi da fari da zanen dara. Kamfanin Ibeto ya fito da nasa takalmin birkin mai suna Union a kwalin da Ferodo ya ce ya yi kama da nasa. Wanda ya karanta shari'ar burodi da ta minti zai ce ai Ferodo ya gama ci. Bai ci ba, tun daga kotun farko har Kotun Ƙoli. Alƙalan suka ce abin da ya mallaka da rajista kalmar Ferodo ce, launuka da zanen da ke kewaye da ita ado ne, kuma ba wanda zai ji Union ya zaci Ferodo. Irin wannan ne ke sa a ce shari'a saɓanin hankali, amma in aka natsu akwai hankali a ciki. Ja da baƙi da fari ba na kowa ba ne. Kafin kotu ta killace wa mutum ɗaya launi, sai ya tabbatar mata da hujja cewa a idon masu saye launin ya zama shi, shi ya zama launin. Ferodo bai gamsar da ita kan haka ba.

Darasin da lauyan kawu ya ciro daga nan shi ne a yi wa abin da mai saye ke tunawa rajista. Idan raƙumi ake kira, to raƙumin ne dukiyar, a shigar da shi da sunan da fasalin ledar baki ɗaya, in da hali kowanne da tasa rajistar. Gyaran da aka yi wa dokar a watan Fabrairu na 2023, cikin dokar sauƙaƙa harkokin kasuwanci, ya taimaka a nan, domin ya faɗaɗa ma'anar tambari ta haɗa da siffar kaya da mazubinsu da haɗin launuka. Ya kuma shigar da masu yin hidima a sarari, irin masu gidan abinci da masu jigila, ba masu sayar da kaya kaɗai ba.

Wanda bai yi rajista ba fa, kamar kawu, ya tashi a tutar babu ke nan? A'a. Dokar ta ce ba zai yi ƙarar keta tambari ba, amma ta bar masa wata ƙofa, ƙarar sojan gona, wato wani ya sayar da kayansa da sunan cewa naka ne. Ta wannan ƙofar masu burodin De Facto suka bi. Amma hawa ce mai tsayi. Mai satifiket takardarsa kawai zai ajiye a gaban alƙali, an gama maganar mallaka, a shiga maganar kama. Wanda ba shi da ita sai ya fara tabbatar da cewa ya yi suna da wannan tambarin har mutane na neman kayan saboda shi, sannan ya nuna cewa abin da ɗayan ya yi yana sa a ɗauki kayansa a matsayin nasa, sannan ya nuna asarar da ya yi ko yake shirin yi. Kowanne da shaida.

A nan ne na ga rauninmu tsirara. Lauya ya tambayi kawu rasit na shekarun baya, babu. Littafin ciniki, akwai wani da yaron shago ke rubuta bashi a ciki, rabinsa ruwa ya ci. Ranar da aka fara buga ledar, sai dai a ƙirga daga shekarar da aka yi auren babbar 'yarsa. Allah ya taimaka mai buga ledar a Mushin yana ajiye takardunsa, a wurinsa aka samo shaidar odar farko da kwanan wata. Cinikin amana abu ne mai kyau, ina alfahari da shi, amma alƙali bai zauna a Zangon Agege ba, bai san kowa ba, abin da aka ajiye a gabansa kawai yake gani. Wannan tsohuwar takardar tana da wani amfanin ma: da mai kwaikwayon zai yi wayo ya riga kawu zuwa Abuja ya yi rajista, doka ba ta ba shi ikon hana wanda ya riga shi amfani da tambarin ba tare da yankewa ba. Sai dai nan ma da shaida ake magana.

Ko kotun da za a kai ƙarar sai an yi hattara. Tsarin mulkin 1999, sashe na 251, ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin shari'ar tambura, a Legas tana zama a Ikoyi. Amma kan sojan gona na tambarin da ba shi da rajista an yi ta kai-komo. A 2003, a shari'ar Ayman da Akuma kan gashin kanti na mata mai suna New Queens, Kotun Ƙoli ta ce kotun tarayya ba ta da hurumi tunda ba rajista, aikin shekaru ya rushe ba a ko taɓa ainihin rikicin ba. A 2007 kuma, a zagaye na biyu na rikicin Omnia da Dyktrade, ta ce kotun tarayya tana da hurumin.

Yanzu bari in juyo kan abin da ya fi shafar yawancinmu, domin masu haɗa kaya a cikinmu kaɗan ne, masu saye su sayar su ne dubbai. Akwai tunanin da ya zauna mana cewa laifin jabu na wanda ya ƙera ne, ni dai sari na yi. Doka ba ta gani haka ba. Wanda ya baje kaya masu tambarin kwaikwayo a shagonsa yana sayarwa, shi ma yana amfani da tambarin ne a kasuwanci, ana iya haɗawa da shi a ƙara. Cewa ban sani ba tana iya rage masa nauyi wajen diyya, amma ba ta hana kotu dakatar da shi ko ƙwace kayan. Kuma manyan kamfanoni sun san kama mai ƙerawa da wuya, wani yana wata ƙasa, wani yana wani lungu ba alama. Mai shago kuwa ga shi a fili.

Akwai wani umarni da lauyoyi ke kira Anton Piller, sunan wata shari'a da aka yanke a Ingila a ƙarshen 1975. Mai ƙara yakan same shi daga alƙali ba tare da an sanar da wanda ake ƙara ba, don kada a ɓoye kaya. Sai dai mutum ya ga lauya da ma'aikatan kotu, sau da yawa da 'yan sanda, a bakin shagonsa da safe, a bincika, a kwashe kayan da takardu a matsayin shaida. Wani lokaci ana shigar da ƙarar kan mutum biyu ko uku a madadin duk masu sayar da irin kayan, sai umarnin ya bi kasuwa layi-layi. Wanda ya zuba jarinsa duka a katan hamsin na man shafawa ko batir ko atamfa mai kwaikwayon tambarin wani, ranar nan zai koma gida hannu rabbana, kuma dilan da ya sayar masa ya kashe waya. Idan an kai ƙarshen shari'a kotu na iya ba da umarnin hani na dindindin, ta sa a biya diyya ko a lissafa ribar da aka ci a miƙa wa mai tambari, ta kuma sa a lalata kayan. In magani ne ko abinci, maganar ta wuce ta diyya, ta zama laifin da ake ɗaure mutum a kai. Saboda haka rasit mai sunan dila da adireshinsa ba ƙaramin abu ba ne, shi ne zai nuna inda kaya suka fito. Kuma duk ɗan kasuwa ya san farashin da ke nuna akwai lauje cikin naɗi.

Na sha jin ana cewa wannan duk dokar Nasara ce, an yi ta don kare manyan kamfanoni. Gaskiya ne su suka fi cin moriyarta, domin su ke da kuɗin lauya. Amma asalin abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Kowane ɗalibi ya san hadisin da Muslim ya ruwaito, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Mai juya kan raƙumi ya zuba gishiri ya yi algus sau biyu, ya cuci mai saye, ya kuma cuci wanda aka zaga a kan kayan da bai haɗa ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari haƙƙi ne na mai shi, dukiya ce da shari'a ta yarda da ita, bai halatta a keta ta ba. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba tsarin Musulunci ba ne.

Wani gefen kuma, ba kowane suna doka za ta killace wa mutum ba, kuma daidai ne. Kalmar da ke bayyana kayan kanta, kamar yaji ko kilishi ko mai daɗi, ta kowa ce. Sunan gari ma haka, da wuya a bar mutum ɗaya ya riƙe Kano ko Agege ya hana maƙwabtansa. Mutum yana da damar yin ciniki da sunansa na gaskiya matuƙar ba da niyyar ruɗi ba. Mu kuma mun fi son Alheri da Albarka da Nasara da Rahama, sunaye masu kyau, amma a layi ɗaya sai ka ƙirga biyar, kuma sunan da kowa ke amfani da shi yana da wuyar karewa. Ƙirƙirarriyar kalma ko hoton da ba shi da alaƙa da kayan, irin raƙumi a kan yaji, shi ya fi ƙarfi a gaban kotu.

Rajista kuma aji-aji ce, guda 45, na kaya 34, na hidima 11. Yaji da shayi suna aji na 30, kilishi yana na 29, zoɓo da kunun aya na gora suna na 32, turare da sabulu na 3, yadi na 24, gidan abinci na 43. Wanda ya yi wa yaji rajista, gobe ya ga raƙuminsa a jikin buhun siminti, da wuya ya hana. In kuwa yana da niyyar shiga kilishi nan gaba, gara ya shigar da ajin tun yanzu, amma ya sani tambarin da aka bari shekara 5 a jere ba a yi amfani da shi ba ana iya neman a soke shi.

Masu kai kaya Kwatano da Maraɗi da Yamai su lura da wannan: satifiket ɗin Abuja a kan iyaka yake tsayawa. Nijar da Benin da Togo da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17, hedikwatarta a Yawunde, rajista ɗaya a can ta game su duka. Najeriya ba ta ciki, ba ta kuma cikin tsarin Madrid na rajistar ƙasa da ƙasa. Wanda kayansa suka karɓu a kasuwar Dantokpa ta Kwatano bai yi rajista a can ba, wani na iya riga shi, ya wayi gari ana tare masa kayansa na gaske da sunan su ne jabu.

Maganar kawu ba ta kai kotu ba. Lauya ya rubuta wa mai kwaikwayon takardar gargaɗi, ya haɗa da hoton ledoji biyu da shaidar mai bugawa, ya ba shi wa'adi. Da ya ga takarda mai hatimi sai ya nemo dattawan kasuwa, ashe ɗan'uwanmu ne, ya taɓa yin sari a wurin kawu. Aka zauna bayan la'asar, ya amsa, aka rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu a gaban shaidu, aka ƙona sauran ledojin da ba a cika ba, ya koma wata leda kore da wani suna. Kawu ya yafe maganar diyya, ni ban so ba, domin masu tireda uku sun daina karɓar kayansa a wancan azumin kuma har yanzu ɗaya bai dawo ba. Ya ce mini, "Ɗan nan, yaransa shida, bar shi."

An shigar da buƙatar rajista biyu a aji na 30, ɗaya ta sunan, ɗaya ta raƙumin da ledarsa. Takardar amincewa ta fito, tana cikin jakar nan tare da ta CAC da ta gida. An saya wa yaron shago littafin rasit mai kwafi biyu da sabon littafin ciniki mai bangon kwali. Duk ƙarshen wata kawu yakan kira ni ya tambaya ko mujallar ta fito, in kira lauya, in dawo in ce masa tukuna.